Guzuri Kashi Bakwai

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga Paris, gidan ƙanwarki Balkissa, ranar Litinin bayan la'asar. Zuwa gare ki, ke da ke Lyon.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ƙarfin jikinki. Ki gaida mijinki Malam Sani, ki ce na ji shi ne ya raka ki sayen takalman tafiya, Allah ya saka masa da alheri. Ki gaida yara, ki shafa mini kawunansu. Mu nan lafiya lau, gwiwata ce kawai take surutunta, ita ma tun da asansar, injin hawa benen gidan nan, ya gyaru, ta rage. Allah ya tsare ki a tafiyar da za ki fara ranar Asabar, ya tsare gabanki da bayanki, ya kai ki bakin teku da ƙafafunki biyu.

Ni Innarki nake magana, Balki take rubutawa. Ta ce me ya sa ba zan yi miki vokal, saƙon murya a waya, kamar kullum ba. Na ce can cikin duwatsu an ce babu rezo, kira ba ya shiga, kuma waya tana mutuwa. Takarda kuwa sai ki ninke ta ki sa a aljihun jakarki, duk inda kika zauna hutawa ki buɗe. Na gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana irin ta 'yan lakkwal masu boko.

Tun ranar Alhamis da kika kira kika ce likita ya duba hoton ƙarshe bai ga sauran ciwon nan ba, nake cin abinci kamar mai shirin noma. Ranar na ci tuwo na nemi ƙari, har mijin Balki ya ce, "Hajiya, ashe dama mu kike yi wa rowar cikinki." Alhamdu lillahi. Amma abin da ya fi sanyaya mini rai ba maganar likita ba ce kaɗai. Da za ki ajiye waya kika ce, "Inna, ina so ki yi mini guzuri." Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin kin roƙe ni ko ruwan sha ba.

Na san na ɓata miki rai. Ranar da kika fara gaya mini za ki taka da ƙafa kwana talatin da biyar, daga duwatsun nan da kika nuna mini ta tagarki a Rillieux, unguwarku ta Lyon, har bakin teku, ke da Madam Claudine da kuka yi jinya ɗaki ɗaya, na ce ban yarda ba. Na ce mutum da jirgin ƙasa a ƙofar gidansa, wa ya kore shi? Na miƙa wa Balki waya na ce ta kashe, don ni ban san inda ake dannawa ba. Sati uku ba mu yi magana ba. Kin ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Tsoro ne. Ni na taɓa yin doguwar tafiyar ƙafa, kuma kina bayana a goye, kina wata shida. Kin san mun baro garinmu na arewa da Tanout shekarar da damina ta ƙi, mun sauko Matameye. Abin da ya faru a hanya ban taɓa gaya miki ba. Yau zan faɗa, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Mu uku ne da jaki ɗaya da awaki huɗu, ni da babanku, Allah ya jiƙansa, da ke. Ranar da za mu tashi babanku ya ce in bar turmi. Na ce turmin aurena ne, ba zan bar wa ƙwari ba. Na ɗora turmi, na ɗora tukwane biyu, na ɗora tabarmi, na ɗora salkar ruwa da taikin hatsi, har da dutsen da nake niƙa tonka, barkonon miya, a kai. Jakin nan ya dube ni, na dube shi. Kwana biyu yana tafiya yana nishi, rana ta uku da hantsi ya durƙusa a cikin rairayi ya ƙi tashi. Muka sauke kaya, muka ga bayansa ya yi gyambo. Daga ranar ba ya ɗaukar ko rabin abin da ya saba. Turmin da na ƙi bari a gida, na bar shi a gindin wata aduwa, babu ko wanda zan ce na ba wa. Wajen sauke kayan kuma bakin taiki ya kwance, hatsi ya zube a rairayi, muka wuni muna tsinta.

To ke jakin kanki ce a tafiyar nan, kuma bayanki bai daɗe da tashi daga gadon likita ba. Takardar da kika aiko Balki ta karanta mini ita sau uku. Ta ce kin raba hanyar kashi bakwai, kowane kashi akwai garin da koli, ɗaurin guzurinki, zai jira ki a pos, gidan waya ke nan, ko a masaukin matafiya, kada ki ɗauki abincin da ya wuce na kwana biyar. Da na ji haka na ce yarinyar nan ta fi uwarta hankali. Sai ga shi da muka zo ɗaure koli na farko halina ya motsa, na cusa gwangwanin sardin shida da kwalbar man shanu. Balki ta ɗora a kan sikelin kicin ta ce, "Inna, Yaya ce za ta ɗauka ko raƙumi?" Muka yi ta ja, ƙarshe na cire kwalbar da gwangwani huɗu. Ke ma idan kin tsaya gaban jakarki ranar Juma'a, duk abin da kika ɗaga kika ce wataƙila zan bukace shi, ki mayar da shi cikin armuwar tufafinki. Wataƙila ce ta karya mini jaki.

Sai maganar abin da ke lalacewa. Da za mu tashi, uwata, kakarki ke nan, ta kawo mini ƙanzo cike da ƙwarya, wanda ta daɗe tana kankarewa daga gindin tukunya tana shanyawa. Na ji kunya. Na ce ni amarya mai ɗiya ɗaya in tafi da ƙanzo kamar wadda ba ta iya daka ba? Na karɓa don kada ta ji haushi, na tura shi can ƙasan taiki. Na yi furata mai kyau, dunƙule goma sha biyu, da yaji da komai, na jera a ƙwarya na rufe da faifai. Rana ta huɗu na buɗe, tsami ya buge ni, ta yi kore a gefe. Rabi muka sha da ƙyar, rabi awaki. Ƙanzon nan da na raina, shi muka dinga jiƙawa da ruwa muna ci har ƙarfinmu ya kai mu gaba.

Saboda haka duk abin da ke cikin kolin nan busasshe ne. Akwai gumba, na soya geron kafin a daka, ba za ta yi tsami ba. Ki zuba cokali huɗu a kofi, ki sa ruwa, ki jira kaɗan, ta riƙe ki har azahar. Akwai garin rogo da ƙuli-ƙuli dakakke, an haɗa da gishiri da tonka kaɗan, kaɗan na ce, na san cikinki bai gama dawowa daidai ba. Akwai dabino, akwai dakuwa, akwai cuku da wata 'yar Tahoua ta zo da shi, akwai kilishi. Kilishin mun naɗe a takarda kafin leda, don ya sha iska. Geron a unguwar Château Rouge nan Paris muka samo, mai shagon ya rantse na gida ne, na tauna na ce masa bai rantse a banza ba. Akwai ƙanzo ma. Kwana huɗu ina hana Balki jiƙa tukunyar tuwo, tana cewa na mayar mata da balko, barandar benenta, masussuka. Abin da kika saya a hanya mai ruwa, burodi da tumatir da fromaj, cukunsu mai laushi, shi za ki fara ci. Nawa ki bar shi ƙarshe. Kuma ki tambaya kafin ki ci naman da aka yanka miki sirara a faranti, Balki ta ce mutanen duwatsu alade suke busarwa yadda muke kilishi. Ki tambaya a fili, Madam Claudine ba za ta ji haushi ba.

Kuskure na uku a bakin wani tabki na yi shi. Kafin mu tashi, babanku ya yi dabara irin taki. Ya ba wani mai mota rabin buhun hatsi, ya ce ya sauke a wani garin kasuwa da ke kan hanyarmu, wurin wani tela da ya sani. Tela ba ɗan garin ba ne, ranar kasuwa kawai yake zuwa, ranar Alhamis, ya buɗe rumfarsa, da yamma ya kulle ya koma ƙauyensu. Babanku ya lissafa za mu shiga garin Alhamis da hantsi. Ranar Laraba muka iske tabki, ruwan farko da na gani a shimfiɗe tun da muka fito. Na ce sai na yi wanki. Zanen goyonki ya yi ɗoyi, nawa ma haka. Babanku ya ce mu cika salka mu wuce. Na ce wuni ɗaya me zai rage? Na yi wanki, na shanya, na wanke kaina, na yi miki wanka kina dariya. Muka shiga garin ranar Juma'a. Rumfar tela da kwaɗo. Na leƙa ta ramin ƙyauren langa-langa, wallahi ina ganin buhunmu a jingine, da igiyar da na ɗaure bakinsa da hannuna. Aka ce sai Alhamis mai zuwa. Kwana shida, babu abin da awaki za su ci a garin, mu ma babu. Muka wuce muka bar shi.

Ƙasar nan kuwa ta fi telan nan son kulle ƙofa. Ni na gani a gidanki bara. Ranar Lahadi da yamma na aiki mijinki neman albasa, ya zagaya Rillieux ya dawo hannu banza. Wannan a birni ke nan. Balki ta ce a ƙauyukan duwatsu butik ɗaya ce ta sayen abinci, tana kulle tsakar rana, tana kulle Lahadi, wata har Litinin, pos kuwa wata da safe kawai take buɗewa. To ki yi tafiya da ranakun ƙofa, kada ki yi da daɗin jikinki. Idan kin ga wuri mai kyau zuciya ta ce ki ƙara kwana, ki fara duba takardarki tukuna. Idan kuma kin makara, kada ki tsaya kina leƙen kolinki ta gilashi kamar uwarki. Ki kira Balki daga inda aka samu rezo, ki ce na makara, a san abin yi. Koli biyu kawai muka aika yau. An ce pos ba ta riƙe kaya fiye da sati biyu sai ta mayar, saboda haka sauran biyar suna nan a jere ƙarƙashin gadona, Balki ta rubuta ranar kowane a jikin firigon sanyaya abinci. Ni kuma na ɗaura wa kowane zare mai launi dabam, don ni da launi nake karatu.

Yanzu na zo kan wanda ya fi nauyi. Balki, rubuta, daina kallona.

Daga garin telan, kwana biyu muka yi muka isa garin ƙanen mahaifin babanku. Surukaina ke nan, kuma ban taɓa zuwa ba tun da aka yi aure. Kin san yadda aka tarbiyyantar da mu. Matar ɗa ba ta cin abinci a gaban surukai, ba ta ɗaga ido, ba ta cewa tana so. Babanku ya zauna a zaure da maza, aka kai musu tuwo, ya ci, ya ɗauka ni ma ina ci a ciki. A ciki kuwa matar gidan, Gwaggo muke ce mata, ta ajiye mini akushi a gabana ta zauna tana kallona tana yi miki wasa. Da ta fita ta bar ni ni kaɗai, da na ci. Ba ta fita ba. Na ja mayafi na rufe fuska na ce na ƙoshi. Ta ce ki ci mana 'yar nan. Na ce wallahi mun ci a hanya. Ƙanshin miyar kukar nan har yau yana hancina. Yaran gidan suka zo suka cinye ina jin ƙarar akushin.

Da safe za mu tashi, Gwaggo ta jawo ni bayan rumbu. Ta auno hatsi tiya biyu da gumba a ƙwarya ta ce in ɗaure. Na ce a'a, muna da shi. Ta sake, na sake. Ta yi na uku. A na ukun ake karɓa, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma na ga rumbun nan ya kusa kai ƙasa, na ga ɗiyanta bakwai, kuma ina so a ce matar da ɗansu ya auro 'yar gidan ƙoshi ce. Na ce, "Gwaggo, taikinmu cike yake." Shekarar yunwa ce, babu mai yin tayi na huɗu. Ta mayar da hatsinta ta yi mana addu'a.

Da muka fita gari babanku ya ce, "Me Gwaggo ta ɗaure mana?" Na ce yana cikin taiki. Ƙarya na yi masa. Ragowar ƙanzon uwata ne kawai a ciki, bai cika tafin hannu biyu ba. Na jiƙa masa da rana na ce ni na riga na ci. Washegari ma haka. Awakin sun daina ba da nono tuni. Rana ta biyu da azahar na sauke ki na ba ki mama, kika ja, kika ja, kika saki kika yi kuka. Na juya ki ɗaya gefen, haka. Zuwa la'asar kin daina kukan ma. Kina goye ina jin kanki yana lilo a bayana, ina tafiya ina cewa barci kike.

Muka iske wata rijiya, da wata Bafillatana tana shayar da awakinta, da nata ɗan a goye. Babanku ya je wajen guga. Matar nan ta dube ni, ta zagayo bayana ta ɗaga zane, ta sa yatsa a maɗigarki. Maɗigar ta faɗa ciki. Ta ce da Hausarta mai karyewa, "Yaushe rabonki da abinci?" Kin san abin da na ce? Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ba bakinki nake tambaya ba, nononki nake tambaya." Ba ta jira ba, ta kwance ki daga bayana, ta zauna a bakin kwamin shayarwa ta sa ki a ƙirjinta. Ina tsaye ina kallon maƙogwaronki yana motsi. Sannan na faɗi zaune a cikin taɓo.

Babanku ya ruga ya kwance taiki zai ɗebo hatsin Gwaggo a dama mini. Ya zura hannu har kafaɗa. Ya juya taikin ya kakkaɓe. Ya dube ni ya ce, "Kin gwammace mu haƙa mata rami da ki ce kina jin yunwa?" Sau ɗaya ya faɗa. Har Allah ya ɗauki ransa bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Kwana uku muka yi a rugar matar nan. Tana ba ni madarar akuya da ɗan geron da suke da shi, tana shayar da ke tare da ɗanta har nawa ya dawo. Babanku ya bar musu akuya ɗaya. Saboda haka ki sani kina da ɗan'uwan nono a wani wuri cikin dajin Damergou, idan yana raye ya kai shekarunki. Sunan uwarsa ban tambaya ba, kunya ta hana ni. A kowane koli za ki ga ƙulli ɗaya na dakuwa da dabino da jan zare. Ba naki ba ne. Duk wanda kika iske a hanya ya zauna shiru yana cewa ba ya jin yunwa, ki ajiye masa a gwiwa ki wuce, kada ki tsaya tambaya.

Bara da na zo Lyon na ga kin aske kanki, kika ce mini zafi ne ya dame ki. Wata bakwai kina zuwa gidan likita ana sa miki ruwan maganin nan, kullum na kira ki ce, "Lafiya lau, Inna." Sai da Balki ta fashe da kuka a kicin na sani. Na yi fushi da ke sosai. Daga baya na zauna na ce, wannan ai muryata ce a bakin yarinyar nan. A bayana kika koye ta. Ni ce ban taɓa cewa ina so ba a gabanki, kuma da yake ke ce 'yar fari, ban taɓa rungumarki a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanki ba. Sai dai in ce ke, ko yayarku, ko yarinyar nan. Haka aka yi mini, haka na yi miki. Abin da ya sa na ƙi tafiyar nan ke nan. Ba duwatsun nake tsoro ba, ba sanyi ba. Ina tsoron abincinki ya ƙare, ko jikinki ya gaza, Madam Claudine ta tambaye ki, ki ce lafiya lau.

Kuma ki tuna mutanen nan sau ɗaya suke tayi. Maƙwabciyar Balki ta taɓa miƙo mini gato, kek ɗinsu mai zaƙi, na ce a'a marsi ina jiran ta sake, ta ɗauke farantinta ta mayar firigo. Har yau ina tunanin gaton nan. Idan mai masauki ya ce za ki ƙara miya, ki ce i tun a na farko. Idan wani matafiyi ya ga jakarki ta yi sako-sako ya miƙo miki burodi, ki karɓa. Idan ƙafa ta ƙi, ki ce ta ƙi, ki sauka ki shiga kar, motar bas, zuwa gari na gaba, kolinki ba zai tambaye ki da me kika zo ba. Ki yi sallarki ƙasaru, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. Maganinki na safe kuma kada ki sa shi a koli, ya zauna a jikinki.

Bari in gaya miki abin da ya faru yau da safe, Balki tana ta dariya tun ɗazu tana cewa sai an rubuta. Na ce da ni za a je pos, ba zan bari a kai guzurina ban ga hannun da ya karɓa ba. Muka ja kolin biyu a keken cefane. Balki ta rubuta sunan gari da komai, ta bar wurin sunanki fari, wai sai ta duba yadda yake a katinki, don idan harafi ɗaya ya bambanta ba za su ba ki ba. Hoton katin yana cikin wayarta, wayar ta ƙi buɗewa a ciki, ta ce in riƙe layi ta fita waje. Tana fita layi ya iso kaina. Matar da ke bayan gilashi ta jawo koli, ta juya shi, ta nuna wurin da yake fari da bik ɗinta na rubutu ta ce, "Le nom, madame?" Wannan kalmar na san ta, suna take nufi, a gidan likita kullum ita ake tambayata. Na waiga, babu Balki. Mutum wajen goma a bayana, wani tsoho yana buga sandarsa a ƙasa. Na ce a raina, yau kuma ga buhu ga ƙyaure, idan na yi shiru yarinyar nan za ta iso gari ta tarar babu komai.

Na faɗa. A hankali na faɗa, matar ta kawo kunne ta ce, "Pardon?" Na sake faɗa da ƙarfi, sunanki da na babanku a bayansa, shi ma da ban taɓa kira ba yana raye. Daidai nan Balki ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu ta ce, "Inna, ke ce?" Na ce, "Zo ki gyara mata harafin, kin tsaya kina kallona kamar na yi sata." Rufin pos bai faɗo ba. Matar ta buga tambari, ta jefa kolin a kwando, ta ce na gaba. Da muka fito na ce Balki ta saya mini gato a shagon kusurwa, na ci a tsaye a kan titi.

To na yarda da tafiyar nan, na sa miki albarka, ba rabi ba. Ki je ki ga duwatsunki. Allah ya sa ki tarar da kowace ƙofa a buɗe. Allah ya tsare ki daga santsi da hazo da ciwon da ya tafi, kada ya sake sanin hanyar gidanki. Allah ya haɗa ki da mutane irin matar bakin rijiya. Ya tsare Madam Claudine, ya tsare Malam Sani da yara a bayanki. Idan kin isa teku ki sa ƙafarki a ciki ki kira ni, ko ina sallah Balki ta riƙe wayar har in sallame.

Ramatu, idan kin ji yunwa ki faɗa.

Wassalam. Innarki.